Sun Kira Sunaye 22, Mu Mun Kasa Kawo Bakwai

Mu biyu ne muka haɗa baki a kan wannan rubutu, miji da mata, mazauna zangon Kumasi. Ɗayanmu tsohon malamin makarantar gwamnati ne da ya ajiye alli, ɗayar kuma atamfa take sayarwa a kasuwa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata tafiya da muka yi zuwa Amurka a watan Janairu na 2023, da abin da idonmu ya gani a can, da kuma ƙurar da muka tayar a gida bayan mun dawo, wadda har yau ba ta lafa ba.

Muna da 'ya a can. 'Yar fari ce, saboda haka kada mai karatu ya jira mu kira sunanta, kowa ya san dalili. Ta tafi karatun jinya, ta gama, ta kama aiki a wani asibiti a jihar Ohayo. Wata rana ta bugo waya tana murna, ta ce an karɓe ta a wata ƙungiya ta mata mai suna Delta Sigma Theta. Muka ce mece ce ma'anar sunan? Ta ce haruffan Girkanci ne guda uku. Muka ce me ake yi a ciki? Ta ce hidimar jama'a. Muka ce to yaya aka yi bikin shigar? Sai ta yi shiru, kana ta ce wannan kam ba a faɗa wa wanda ba ya ciki.

To, jama'a, ku da kuka san ƙasar nan kun san abin da ya faɗo mana a rai. Loji. Tun muna yara ake ja mana kunne a kan gidajen nan masu rufaffun tagogi, inda ake cewa manya na shiga da dare su yi rantsuwa. Ga haruffan da ba mu sani ba, ga sirri, ga kuɗin shiga mai nauyi, sa'an nan ga hoto ta aiko ita da ƙawayenta cikin jajayen kaya, kowacce ta haɗa yatsu ta yi wata alama mai kusurwa uku. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Mahaifinta ya yi wata uku ba ya ɗaukar wayarta. Mahaifiyarta kuwa sai ta bari ya tafi masallaci sa'an nan ta kira ta, su yi magana ƙasa-ƙasa kamar masu ƙulla laifi.

Wani abokin aikin mahaifin nata ne ya fara sassauta abin. Ya ce ai Kwame Nkrumah kansa, sa'ad da yake karatu a Jami'ar Lincoln, ya shiga irin wannan ƙungiya ta maza, Phi Beta Sigma, kuma Nnamdi Azikiwe na Nijeriya ma ɗanta ne. Amsar da ya samu ita ce, "Nkrumah ai ba limami ba ne." Amma dai daga ranar aka koma ɗaukar waya, ko da yake gaisuwa ce kawai, ba a taɓa zancen ƙungiya.

Haka aka yi shekaru ana tafiya, sai ga saƙo cewa reshensu zai karrama ta a bikin tunawa da waɗanda suka kafa ƙungiyar, kuma ta riga ta tanadi kuɗin jirgi. Muka yi ta jan ƙafa. Daga ƙarshe muka ce gani ya kori ji.

Ba za mu ɓata muku lokaci da labarin sanyi ba. Ya isa mu ce ɗarin hunturu na Tamale wasan yara ne.

Kafin mu shiga zauren, bari mu bayyana abin da muka fahimta game da waɗannan ƙungiyoyi, domin da yawa daga cikinku kuna da 'ya'ya a can, kuma wata rana irin wannan waya za ta same ku. A jami'o'in Amurka ɗalibai sun daɗe suna kafa ƙungiyoyin 'yan'uwantaka, na maza daban na mata daban, suna sa musu haruffan Girkanci. Na Turawa ba sa karɓar baƙar fata a farkon ƙarnin da ya wuce, don haka baƙaƙe suka kafa nasu. Na mata manya guda huɗu ne. Alpha Kappa Alpha ce ta fari, a 1908, a Jami'ar Howard da ke birnin Washinton. Delta Sigma Theta ta biyo a 1913, sai Zeta Phi Beta a 1920, duka a wannan jami'a. Ta huɗun, Sigma Gamma Rho, malaman makaranta mata bakwai ne suka kafa ta a 1922 a birnin Indiyanapolis. Kowacce da launin kayanta, kowacce da kirarinta, kuma akwai ɗan kishi a tsakaninsu irin na kishiyoyin da ke zaune lafiya. Suna kiran juna "soror", kalmar Latin ce, ma'anarta 'yar'uwa. Abin da ya bambanta su da ƙungiyar ɗalibai da muka sani shi ne ba a fita in an gama karatu. Mace na shiga tana budurwa, ta tsufa a ciki, in ta mutu 'yan'uwan su zo su yi mata bankwana. Wasu kuma, kamar tamu, sai bayan sun gama jami'a suke shiga ta reshen manya.

Ranar bikin kashi biyu aka yi. Da safe 'yan ƙungiya kaɗai suka shiga wani ɗaki suka rufe ƙofa domin sabunta alkawari. Mu aka bar mu a farfajiyar otel da kofin shayi. Mahaifinta ya zauna yana kallon ƙofar nan yana jan carbi, bai ce uffan ba, amma wadda ta zauna da shi shekara 40 ta san abin da shirun yake nufi. Da rana aka buɗe babban zaure ga kowa. Muka shiga muka tarar da mata wajen 300, ja ko'ina, kamar ranar da aka fitar da yayin biki a zango, watau abin da 'yan'uwanmu na Nijeriya ke kira anko. Ga tsofaffi da sanduna da kekunan guragu, ga 'yan mata. Tamu tana cikinsu da jan mayafi ta rufe kanta tsaf. A kan tebura an jera 'yan gumakan giwa na ado. Muka tambaya, aka ce ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, Florence Letcher Toms, ita ce mai son tara su, shi ne 'yan baya suka riƙe abin don tunawa da ita.

Aka buɗe da addu'a irin ta Kirista, mu muka yi tamu a zuci. Aka kawo mana kifi, domin yarinyar ta riga ta yi magana da masu girki. Sa'an nan aka rage fitilu.

A gaban zauren akwai kyandir 22 a jere. Wata dattijuwa ta tsaya da takarda. Sai ta kira suna, wata budurwa ta taso ta kunna kyandir ɗaya, kana a faɗi abin da mai sunan ta yi da rayuwarta. Ba kirari ba ne irin na maroƙa, babu 'yar wane jikar wane. Aiki ne zalla. Osceola Macarthy Adams, wadda ta zama mai shirya wasan kwaikwayo a birnin Niyok, Sidney Poitier da Harry Belafonte sun bi ta hannunta. Winona Cargile Alexander, mai aikin kula da marasa galihu. Myra Davis Hemmings, shugabar farko, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a San Antoniyo. Naomi Sewell Richardson, wadda ta rigayi sauran daɗewa, ta rasu a 1993 tana da shekara 100. Haka har 22. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne leɓunan matan da ke kewaye da mu. Kafin dattijuwar ta ƙarasa suna, sun riga ta. Har tamu. Yarinyar da aka haifa a Aboabo tana jero sunayen matan da suka mutu tun kafin ta san hanyar filin jirgi, ba ta tuntuɓe ko ɗaya ba.

Su wane ne waɗannan mata? 'Yan makaranta ne, yawancinsu ba su wuce shekara 20 da 'yan kai ba. Da farko a cikin Alpha Kappa Alpha suke, sai suka ga suna son ƙungiyar ta fito daga harabar jami'a ta shiga al'amuran jama'a. Ba a daidaita ba, suka ware, ranar 13 ga Janairu 1913 suka kafa tasu. Ba a yi wata biyu ba, ranar 3 ga Maris, dubban mata suka yi jerin gwano a Washinton suna neman a ba mata 'yancin jefa ƙuri'a, ana gobe za a rantsar da Shugaba Woodrow Wilson. Wasu daga cikin masu shirya taron, Turawa, ba su so ganin baƙaƙe a cikinsu ba, don kada ran matan kudancin ƙasar ya ɓaci. 'Yan matan nan suka fito da tutarsu duk da haka. Maza 'yan kallo suka rufe hanya, ana zagi ana ture-ture, har aka kwashi mutane zuwa asibiti. Watau ga wulaƙancin maza a gefen titi, ga na 'yan'uwansu mata a cikin sahu. An ba matan Amurka ƙuri'a a 1920, amma baƙar mace a jihohin kudu sai da ta jira dokar 1965 kafin abin ya tabbata a hannunta. Ɗaya daga cikin 22 ɗin, Bertha Pitts Campbell, Allah ya ja kwananta har ta sake bin wannan titi a 1981, tana da shekara 92, a gaban dubban 'yan ƙungiyar.

Mai jawabin ta bi tarihin da sauri daga nan. A 1937 sun amince da shirin kai littattafai ƙauyukan kudu inda ba a barin baƙar fata ya shiga ɗakin karatu na gari. A 1955 sun fara shirin ɗakin haihuwa, wanda daga baya suka taimaka aka gina a Thika ta ƙasar Kenya. Dorothy Height ta shugabance su daga 1947 zuwa 1956. Shirley Chisholm, baƙar mace ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin ƙasar a 1968, tasu ce. Da ta zo kan cewa a 1996 'yan ƙungiyar sun zo nan Gana sun yi aikin gina wa talakawa gidaje, sai matan teburinmu suka juyo suna yi mana murmushi, kamar mu ne muka ba su masauki.

Bayan wannan ne aka shiga rabon lambobin yabo, kuma tsarin abin ne ya tsaya mana a rai. Da gangan aka sa shi bayan kyandir. Ma'aunin ke nan. An fara nuna maka waɗanda suka kafa gidan da irin nauyin da suka ɗauka, sa'an nan a ce to a bana wa ya yi kama da su? An fara da waɗanda suka cika shekara 25 da 50 a ƙungiya. Sai lambar shugabanci, wadda ba shugabar reshen aka ba ba, wata ce da ta riƙe kwamitin tallafin karatu, ta bi 'yan kasuwa da coci-coci har ta tara abin da ya kai yara da dama jami'a, kuma ta kawo lissafin kowane sisi a rubuce. Da aka kira wata tsohuwa da ta shekara 30 tana koya wa manya karatu da dare, zauren duka ya miƙe. Kayanta ba su fi na kowa tsada ba, wataƙila ma su ne mafi araha a ɗakin. Mun lura, domin ɗayanmu sana'arta ke nan.

Mun tambayi matar da ke kusa da mu yadda ake zaɓe. Ta ce 'yan'uwa ne ke gabatar da suna a rubuce, tare da abin da mutum ya yi, a ina, sau nawa, wa ya shaida. Kwamiti ya zauna ya auna. Wadda ke cikin kwamitin ba ta shiga takara. Muka ce wadda ta ba da kuɗi mai yawa fa? Ta ce ana gode mata a cikin takardar shirin biki, amma wannan lamba ba ta kuɗi ba ce.

Sai muka ji sunan 'yarmu, da lafazin Amurkawa da ya karya shi gida biyu.

Jama'a, a ranar ne muka san abin da take yi da Asabar ɗinta. Mu a zatonmu barci take yi bayan aikin dare. Ashe tebur take kafawa a ƙofar masallaci da shagunan 'yan Afirka tana auna wa mutane hawan jini da sukari kyauta. Ashe ita ake kira in an kawo tsohuwar da ba ta jin Turanci sai Hausa ko Tuwi. Ashe a lokacin annobar korona, 2020 da 2021, gida-gida ta bi tana lallashin dattawanmu da suka ƙi allura, har wani ya kore ta da tsintsiya, ta koma washegari. Duk an rubuta. Ba ta taɓa gaya mana ba, kuma laifin ba nata ba ne, mu ne muka hana a yi zancen ƙungiya a waya.

Mai gabatarwa ta ce iyayenta sun zo tun daga Gana, su tashi a gan su. To fa. Bahaushe da 'yar fari! Mu da ko sunanta ba ma kira, yau a ce mu miƙe a gaban mutum 300 mu yi tafi muna washe baki? Mahaifiyarta ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Mahaifinta ya miƙe rabi, kamar wanda ƙafa ta riƙe, ya ɗaga hannu ɗaya ya koma ya zauna. Matan teburin suka ɗauka kuka ne ya hana mu, suka yi ta miƙo mana hankici. Ba su yi kuskure ƙwarai ba. Da yarinyar ta sauko, ta zo ta durƙusa a gabanmu yadda aka koya mata, ta ajiye lambar a cinyar mahaifinta. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Allah ya yi miki albarka." Ta ce, "Amin, Baba." Shekara shida ke nan rabon da ta ji wannan daga bakinsa.

Kada a ce mun dawo muna tallar ƙungiyar mutane. Akwai abin da bai kwanta mana ba, kuma gara mu faɗa. Na farko, ƙofar ba ta kowa ba ce. Sai wadda ke jami'a ko ta gama, kuma kuɗin shiga da na shekara ba na talaka ba ne. Mai sharar asibitin da 'yarmu ke aiki, ko ta fi kowa hidima, ba ta da kujera a zauren nan sai ta baƙunta. Na biyu, waɗannan ƙungiyoyi, na maza da na mata, sun yi fama da mugunyar al'adar wahalar da sababbin shiga, har shugabanninsu suka taru a 1990 suka soke tsohon tsarin ɗaukar sababbi. Duk mai ɗa ko 'ya a jami'ar can ya tambaya da kyau. Na uku shi ne wanda ya fi damun mahaifinta: a tambarin ƙungiyar akwai hoton Minerva, wadda Romawan dā suka riƙa a matsayin allahiyar hikima. Ba Musulmi kaɗai abin ke damu ba, akwai Kiristocin da suka fita saboda shi. Yarinyar ta ce, "Baba, alama ce ta ilimi, ban yi wa kowa sujada ba, kuma ranar da aka ce in yi, ranar zan fita." Da muka dawo ya kai maganar gaban malamai biyu. Ɗaya ya ce ta fita, ɗaya ya ce ayyuka suna bin niyya, a bar ta tana kiyayewa. Yana nan tsakanin biyun har gobe. Lambar dai tana rataye a ɗakinsa, sama da rediyo.

Amma ba wannan ne ya hana mu barci ba. A mota, muna komawa gidanta cikin dusar ƙanƙara, sai ta ce, "Mma, ƙungiyar su Kaka fa, su wa da wa suka kafa ta?"

Ga masu ƙananan shekaru, sai mun koma baya kaɗan. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Zango ya girgiza. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka hau manyan motoci da tabarmi da tukwane. Gidaje suka rabu, miji ya tafi mata ta tsaya, ko a bar tsohuwa da jikoki. A cikin wannan hali ne mata bakwai na unguwarmu suka fara haɗuwa a zauren ɗayansu, kowacce ta kawo abin da ta samu. Suna dafa tuwo su raba gidajen da babu mai cefane. In an yi mutuwa su sayi likkafani. Su riƙe mabuɗan ɗakunan waɗanda suka tafi, don kada a wawashe. Mahaifiyar ɗayanmu tana cikin bakwai ɗin. Wannan zama shi ne ya zama ƙungiyar zumunta da ke nan har yau, mai mata fiye da 100, wadda mahaifiyar yarinyar ke ciki tun tana amarya.

A cikin motar nan muka fara lissafi. Kaka, ɗaya. Maƙwabciyarta mai koko, biyu. Matar ladan, uku. Daga nan muka tsaya. Muka yi ta "wannan fa, mai tsagen nan," "a'a, ita daga baya ta shigo." Yarinyar ba ta ce kome ba, tana tuƙi. Da ma ta yi magana da ya fi sauƙi.

Ku dubi abin da ƙungiyar tamu ta zama, kuma muna faɗa ne da bakin 'yan gida. Kowace shekara ana fitar da yayi, a kama kanofi da kujeru, a kira mai kiɗa. Ana naɗa uwar ƙungiya, kuma kowa ya san yadda ake naɗin: wadda ta fi zuba kuɗi. Maroƙi ya kama sunanta ya yi ta juyawa, a yi liƙi har takardun sidi su rufe ƙasa. Ba mu ce kyauta laifi ba ce, da kuɗin nan ake biyan abubuwa da yawa. Amma akwai wata baiwar Allah da ta fi shekara 30 tana wankan gawar mata a unguwar, ko da tsakar dare aka buga mata ƙofa. A wajen bikin can baya take zama, kusa da masu rabon abinci, wani lokaci ma ita ke rabon. Ba a taɓa kiran sunanta a lasifika ba sai in ana neman ta da aiki.

Da muka dawo, mahaifiyar yarinyar ta kai shawara taron wata: a ware rana guda a shekara, a karanta sunayen bakwai ɗin da abin da kowacce ta yi, a yi musu addu'a, sa'an nan a karrama mace biyu ko uku saboda aiki, ba saboda aljihu ba. Ta zaci za a yi tafi. Wata ta ce an je Amurka an kwaso bidi'a. Wata ta ce so ake a ci mutuncin masu ba da kuɗi, to in sun janye hannu sai a biya kanofi da lambar yabo. Waɗannan ba su dame mu ba. Wadda ta sa muka yi shiru ita ce malamar Islamiyya, mace mai hankali, da ta ce: mai wankan gawa don Allah take yi, in kun fito da ita kun yi mata tafi, ba ku tsoron ku sa mata riya ku rage mata lada? Wannan magana ce mai nauyi, kuma mun kwana muna juya ta.

Abin da muka gani shi ne, yabo a bainar jama'a ba mu ne za mu fara shi ba, ana yin sa kowace shekara da ganga da lasifika. Tambayar ita ce me yaranmu mata ke gani ana yabawa. Kuma abin ba baƙo ba ne a gidanmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa 'Yan Taru, takan naɗa wa jajis ɗinta malfa da jan rawani a gaban mutane, don a san wannan mace ce da aka amince wa ta kai ilimi ƙauye. Ta kuma yi waƙa tana lissafa mata salihai da sunayensu, na dā da na zamaninta. Jan rawanin nan ya girmi jajayen kayan Ohayo nesa ba kusa ba. Malamar ta ce za ta duba. Mai wankan gawar kuwa, da labari ya kai mata, cewa ta yi ita a bar ta, in ana son a yi mata alheri a sayo sabon bokiti da safar hannu. An sayo. Maganar lamba kuma an ɗage ta sai bayan Babbar Salla, kuma an sake ɗagewa sau biyu tun daga nan.

Sunayen ne muka ce ba za mu jira taro ba. Tsohon littafin ƙungiya ambaliya ta cinye shi tuntuni. Cikin bakwai ɗin saura mace ɗaya a raye, matar ladan, idonta ya tafi amma kanta garau. Muka je mata da goro da turare. Ta kawo biyar a zama ɗaya, har da abin da kowacce ke sayarwa da inda ɗakinta yake, mahaifin yarinyar yana rubutawa a littafin makaranta mai layi. Ta shida ta ɓace mata. Bayan kwana uku, da asuba, sai ga jikanta yana buga mana ƙofa, wai Hajiya ta ce a zo da littafin yanzu-yanzu kafin ya sake gudu.

Ta bakwai ce ta tsaya. Hajiya ta ce ba Bahaushiya ba ce, Bazabarma ce mai sayar da itace, ita ce ma ta fara kawo shawarar a haɗu, kuma a zaurenta aka yi zaman farko. Ba ta shekara ba ita ma ta bi mijinta, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Kowa da sana'arta yake kiran ta. Hajiya ta ce akwai wata jikar maƙwabtansu da ke aure a Techiman, wataƙila ta ji sunan a bakin uwarta. Mun bar layi na bakwai babu kome, mun sa lamba kawai a gefe. Motar Techiman da sassafe take tashi, kuma mun sa ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu.